Dikin Jimmy Carter na Plains: Gonar Gyaɗa, Coci da Kurkunu

In aka ce mu marubuta mu rubuta tarihin wani babban mutum, abin da muka saba shi ne mu bi muƙamansa ɗaya bayan ɗaya: an haife shi, ya yi karatu, ya zama kaza, ya sake zama kaza, ya rasu. Wannan hanya mun gaje ta ne daga tarihin sarauta, inda shekarun da mutum ya yi bisa karaga su ne ma'auni. To amma akwai mutanen da in aka auna su da wannan mudu sai mafi yawan hatsin ya zube a ƙasa. Jimmy Carter na cikinsu. Ya yi shekara 100 a duniya, daga 1 ga Oktoba 1924 zuwa 29 ga Disamba 2024, huɗu kacal daga ciki ya yi yana shugabancin Amurka. Muƙamin da ya riƙe fiye da rabin ƙarni wani ne dabam, wato dikin a cocin Baftis na ƙauyensu. A ganinmu wanda duk bai fahimci wannan muƙami ba, ba zai gane mutumin ba, da kirkinsa da taurin kansa da wuraren da ya kasa.

Bari mu fara da kalmar. Dikin asalinta daga Girkanci take, ma'anarta mai hidima. Kiristoci suna danganta farkon aikin da sura ta shida ta littafin Ayyukan Manzanni, inda aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci ga gwauraye mata, domin manzanni su sami sukunin wa'azi. A ɗarikar Baftis dikin ba fasto ba ne, ba a biyansa ko kwabo. Shi ne mai gaida majinyata, mai zaga faifan baiko, mai duba rufin da ke yoyo. Amma kuma da yake kowace ikilisiyar Baftis ita ke mulkin kanta, babu bishop a bisanta, zaman dikinoni shi ne majalisar da ke tsara abin da za a kawo gaban jama'a a jefa ƙuri'a. Ke nan aikin hidima ne, amma akwai iko a cikinsa. Masu karatu da suka san cocin Baftis na Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano ba baƙon abu ba ne gare su. Akwai ma wata alaƙa: Thomas Bowen, mishan da ya kawo wannan ɗarika ƙasar Yarabawa a 1850, ɗan jihar Jojiya ne, jihar Carter. Ƙungiyar da ta aiko shi kuwa, wato Babban Taron Baftis na Kudancin Amurka, an kafa ta ne a birnin Augusta na Jojiya a 1845, bayan sun ɓata da 'yan'uwansu na Arewa a kan ko mai bayi zai iya zama mishan. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An haifi Carter a Plains, ƙauyen da mutanensa ba su kai dubu ba. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka koma gona a Archery, 'yar tafiya kaɗan daga garin, gidan da ba lantarki ba ruwan famfo. Kusan duk maƙwabtansu baƙaƙen fata ne masu noman kashi-mu-raba, kuma 'ya'yansu ne abokan wasansa da kamun kifinsa. Amma makaranta dabam, coci dabam. Mahaifinsa Earl manomi ne kuma ɗan kasuwa, dikin ne shi ma, yana koyarwa a makarantar Lahadi, kuma ya yarda da wariyar launin fata ɗari bisa ɗari. Mahaifiyarsa Lillian ma'aikaciyar jinya ce wadda ke shiga gidajen baƙaƙe ta yi musu magani, ba ta damu da surutun gari ba. Yaron ya tashi tsakanin waɗannan biyu. Tun yana ɗan shekara biyar yake dafa gyaɗa ya ƙulla ya kai Plains talla, an kuma yi masa baftisma yana da sha ɗaya.

Soja ce ta fitar da shi daga wannan ƙunci. Ya shiga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1943, ya gama a 1946, a shekarar kuma ya auri Rosalynn Smith, ƙawar ƙanwarsa Ruth. Bai taɓa shiga fagen daga ba, domin an gama Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya fito. Aikinsa a jiragen ƙarƙashin teku ya yi shi, kuma yana cikin aiki ne Shugaba Truman ya ba da umurnin kawar da wariya a rundunonin Amurka a 1948. A cikin irin wannan jirgi, inda mutane ke kwana kafaɗa da kafaɗa, dokar Jojiya ba ta da wurin zama. A 1952 ya shiga shirin Hyman Rickover na ƙera jiragen da ke tafiya da makamashin nukiliya. A ƙarshen shekarar wata tukunyar nukiliya ta lalace a Chalk River ta ƙasar Kanada, Carter na cikin waɗanda aka tura su kwance ta. Saboda tsananin gubar da ke wurin, kowane mutum daƙiƙa 90 kawai aka yarje masa ya shiga. Sai suka gina kwatankwacin na'urar a waje, suka riƙa gwaji a kanta har hannu ya saba, sannan mutum ya ruga ciki ya kwance ƙusa ɗaya ko biyu ya fito. Halin da ya ɗauko daga Rickover, na bin abu dalla-dalla da rashin yabon kowa, ya bi shi har fadar White House, inda ma'aikatansa suka sha kuka da shi.

A Yulin 1953 mahaifinsa ya rasu. Carter ya zo jinya ya ga yadda mutanen gari, fari da baƙi, ke zuwa suna faɗin alherin da tsohon ya yi musu a ɓoye, sai ya yanke shawarar ajiye kaki ya koma gida. Bai shawarci matarsa ba. Rosalynn ta ɗanɗana zaman Hawai da sauran manyan garuruwa, ga 'ya'ya maza uku, ba ta son komawa ƙarƙashin idon uwa da suruka. Su biyun sun sha ba da labarin yadda ta ƙi yi masa magana a doguwar tafiyar da suka yi a mota zuwa Plains. Suka sauka a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. Shekarar 1954 aka yi fari, ribar da ya samu ba ta kai dala 200 ba. Daga baya Rosalynn ta karɓi littafin lissafin shagon taki da irin gyaɗa, ta zo ta fi shi sanin inda ake riba da inda ake faɗuwa.

A nan ne labarin ya yi nauyi, a nan kuma ya kamata mai rubuta tarihi ya tsaya. A 1954 kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata, Kudu ta ɗauki zafi. Aka kafa ƙungiyoyin fararen fata na kare wariya a gari-gari. Mutanen Plains suka zo wa Carter ya shiga, kuɗin rajista dala biyar, har suka ce za su biya masa. Ya ƙi. Wasu suka janye cinikinsu na ɗan lokaci. Wannan abin yabo ne. Amma 'yan mil kaɗan daga nan akwai gonar Koinonia, wadda wani malamin Baftis mai suna Clarence Jordan ya kafa a 1942, inda fari da baƙi ke noma tare suna cin abinci a teburi ɗaya. A 1956 da 1957 aka ƙaurace musu, aka yi ta harbi cikin gonar da dare, aka tashi rumfar kasuwarsu da nakiya. Ba a ji muryar Carter a fili ba. A shekarun nan yana cikin hukumar ilimi ta gundumarsu, wadda ke tafiyar da makarantu a rabe. Masu son sa sukan tsallake wannan shafi, mu kuwa muna ganin bai kamata ba.

Sai 1965. Dikinonin cocin Baftis na Plains, a wani zama da Carter bai halarta ba, suka amince a kawo ƙudurin hana baƙaƙen fata da masu fafutukar 'yanci shiga sujada. Ranar ƙuri'a Carter ya miƙe ya yi magana a kan cewa ɗakin na Allah ne, ba na mutum ba. Aka ƙirga: 54 sun goyi bayan hani, shida sun ƙi, da yawa sun yi gum. Biyar daga cikin shidan 'yan gidan Carter ne. Mu tuna da Bowen. Ikilisiyoyin da suke tara baiko suna aika mishan Ogbomosho da Kaduna, su ne kuma suke tsayar da mutum a bakin ƙofa domin kada baƙar fata ya shigo.

Da a nan labarin ya miƙe sarai, da rubuta shi ya yi sauƙi. Carter ya riga ya shiga majalisar dattawan jiha bayan zaɓen 1962, zaɓen da aka yi masa maguɗi a gundumar Quitman, har da matattu a cikin masu jefa ƙuri'a, sai da ya kai ƙara aka ba shi kujerarsa. A 1966 ya nemi gwamna ya faɗi, Lester Maddox, gogan wariya, ya hau. Faɗuwar ta girgiza shi ƙwarai, ita ce kuma ta kai shi ga abin da ya kira sabuwar haihuwa, har ya tafi wa'azin gida-gida a jihohin Pennsylvania da Massachusetts. Amma da 1970 ta zo, dikin ɗin nan ya yi kamfe irin na wanda ya ƙudurta sai ya ci ko ta halin ƙaƙa. Ya yi zawarcin magoya bayan George Wallace, ya bar su suka ɗauka nasu ne. Da ya ci, ranar rantsuwa a Janairun 1971, ya shaida wa jama'ar Jojiya cewa zamanin wariyar launin fata ya wuce. Waɗanda suka zaɓe shi suka ce ya yaudare su, kuma ba ƙarya suka yi ba. A 1974 ya rataya hoton Martin Luther King a ginin majalisar jiha. Ko kyakkyawan ƙarshe yana wanke hanyar da aka bi, wannan tambaya ce da shi kansa bai taɓa jin daɗinta ba.

Shekarun shugabanci an rubuta su da yawa, ba za mu daɗe a kansu ba. Ya kada Gerald Ford a 1976. Ya sa hannu a yarjejeniyar mayar wa Panama mashiginta a 1977. A Satumban 1978 ya tsare Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila kwana 13 a Camp David har suka cimma matsaya, ko da yake batun Falasɗinawa an bar shi a rataye. A ƙarshen Maris na wannan shekara ya sauka Legas a zamanin Janar Obasanjo, ziyarar aiki ta farko da wani shugaban Amurka ya kawo Afirka kudu da Sahara. A 1980 ya aiko Muhammad Ali ya roƙi ƙasashen Afirka su ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko, Nijeriya ta yi kunnen uwar shegu ta tafi. Yakan yi alfahari da cewa a zamaninsa Amurka ba ta jefa wa kowa bom ba, amma mai wa'azin haƙƙin ɗan'adam ɗin nan shi ne ya je Tehran a daren ƙarshe na 1977 ya yabi Shah, gwamnatinsa kuma ta ci gaba da sayar wa Indonesiya makamai tana tsakiyar murƙushe Timor ta Gabas. Iran ce ta cinye shi: Amurkawa 52 aka yi garkuwa da su kwana 444, yunƙurin ceto su a Afrilun 1980 ya watse cikin hamada, sojoji takwas suka mutu. Ga tsadar kaya, ga layin mai. Ronald Reagan ya kwashe jihohi 44.

Duk wannan lokaci rigimar coci ba ta kwanta ba. Ana saura kwana biyu zaɓen 1976, wani fasto baƙar fata ya zo neman shiga cocin Plains, dikinoni suka gwammace su soke sujadar Lahadi ɗungurungum. Daga baya aka ɗage hanin, amma ikilisiyar ta tsage, waɗanda suka fita suka kafa cocin Maranatha a 1977. Nan Carter ya koma da ya dawo gida a 1981, yana da shekara 56, ya tarar bashin fiye da dala miliyan ɗaya a kan kamfanin gyaɗarsa, har sai da aka sayar. Ya koma gidan da suka gina a 1961, bai sake canza wani ba. A Maranatha in layi ya zo kansa yakan yanke ciyawar harabar coci, Rosalynn ta wanke banɗaki. Gicciyen katakon da ke gaban ɗakin sujada da faya-fayan baiko shi ya sassaƙa su da hannunsa. Ya koyar a makarantar Lahadi har Nuwamban 2019, baƙi daga ko'ina suna kwana cikin motoci don su sami wurin zama. A 2000 ya sanar da raba gari da Babban Taron Baftis na Kudu, ƙungiyar kakanninsa, saboda ta ce mace ba za ta yi fasto ba. A 2006 Maranatha ta naɗa Rosalynn dikin.

Abin da ya fi shafar mu shi ne kurkunu. Wanda ya girma a ƙauyen da ake shan ruwan tafki ko kududdufi ya san shi. Mutum ya sha ruwan da ke ɗauke da wasu ƙananan ƙwari masu ƙwayar tsutsar, ba zai ji kome ba sai bayan kamar shekara guda, sannan ƙurji ya fito, galibi a ƙafa, da raɗaɗi kamar wuta. Ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, tsutsar ta zubar da dubban 'ya'yanta, zagaye ya sake. Tsawonta kan kai mita ɗaya, ba allurar riga-kafi, ba ƙwayar sha, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Kuma a ƙasashenmu lokacin damina take kwantar da mutum, daidai lokacin noma. A 1986, da Cibiyar Carter ta ɗauki wannan yaƙi tare da Dokta Donald Hopkins, an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa kowace shekara a ƙasashe 21. Binciken da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ya gano fiye da mutum 650,000, babu ƙasar da ta kai ta.

Me ya sa tsohon shugaban ƙasa mafi ƙarfi a duniya ya zaɓi cutar da ba a san ta a biranen ƙasashen da take ba ma? Amsarmu ita ce wannan aikin dikin ne tsantsa. Makaman yaƙin ƙyallen tace ruwa ne, da bututun tsotso mai matata da makiyayi zai rataya a wuya, da maganin da ake zubawa a tafki, da rijiyar burtsatse, da ɗan sa-kai a kowane ƙauye mai riƙe da littafin ƙidaya yana hana mai ƙurji shiga ruwa. Abin da Carter ya ƙara shi ne sunansa, wanda ke buɗe ƙofar shugabanni da ta kamfanoni. Ya jawo Janar Yakubu Gowon ya riƙa bin ƙauyukan Nijeriya yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, Janar Amadou Toumani Touré na Mali ya yi irin wannan a ƙasashe rainon Faransa. A 1995 ya shawo kan gwamnatin Sudan da 'yan tawayen Kudu suka tsagaita wuta na wajen wata shida domin ma'aikatan lafiya su shiga. Nijeriya da Nijar sun ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaida a 2013. Gana ta ga nata na ƙarshe a 2010. Manoman Kano da Kaduna kuma sun san shi ta wata ƙofar, wato shirin Sasakawa Global 2000 da ya kafa tare da Norman Borlaug da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa. A 1995 ya zo wurin Janar Abacha roƙo a kan Obasanjo da ke tsare. Bayan shekara huɗu ya dawo sa ido a zaɓen 1999 wanda Obasanjon ya ci, ya kuma ƙi sa albarka a kan alƙaluman, ya ce yawan ƙuri'un da aka sanar bai yi daidai da yawan mutanen da suka gani a layi ba. Hali zanen dutse. Irin wannan halin ne ya sa a 2006, shekara huɗu bayan ya karɓi kyautar Nobel, ya sa kalmar wariya a sunan littafinsa kan Falasɗinu, mashawartan cibiyarsa 14 suka yi murabus, bai janye ba.

Tun da mujallar marubuta ce, bari mu ɗan ratse. Carter ya wallafa littattafai fiye da 30, har da na waƙoƙi da ƙagaggen labari guda, kuma da su ya riƙa ciyar da gidansa. Wanda ya fi armashi a ganinmu shi ne An Hour Before Daylight na 2001, kan ƙuruciyarsa a gonar Archery, domin a ciki ya bar siyasa ya rubuta abin da idonsa ya gani: alfadari, auduga, yankan alade, da matan baƙaƙen da suka rene shi. Sannan ga gargaɗi ga ma'auratan da ke sha'awar haɗa alƙalami. Littafin da suka rubuta tare da Rosalynn a 1987 ya kusa raba su, kamar yadda su da kansu suka faɗa. Shi mai sauri ne, ita mai nawa, kuma kowa ya tuna abu ɗaya ta fuska dabam, har magana ta koma ta rubutu. Editansu ne ya raba gardama, ya ce sakin layin da aka kasa daidaitawa a sa masa harafin farko na sunan mai shi. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Aurensu ya kai shekara 77, da 'ya'ya huɗu, kuma al'adarsu ce su karanta Littafi Mai Tsarki tare kowane dare, wani lokaci da Sifaniyanci.

Tsawon ransa abin mamaki ne in aka dubi gidansu. Ciwon dajin da ya kashe mahaifinsa shi ya ɗauke ƙannensa uku, Ruth a 1983, Billy a 1988, Gloria a 1990, ba wanda ya kai saba'in. Shi ma a Agustan 2015 aka sami ciwon daji a hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Ya tara 'yan jarida ya yi musu bayani yana murmushi, ya ce burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa, ranar Lahadin da ta biyo baya kuma ya tsaya gaban ajinsa a Maranatha. Magani ya karɓe shi. A Oktoban 2019 ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, washegari aka gan shi a Nashville da kumburarren ido yana aikin ginin gidajen marasa galihu na ƙungiyar Habitat for Humanity, ƙungiyar da ta tsiro daga gonar Koinonia ɗin nan da ya yi shiru a kanta shekara sittin da suka wuce.

A Fabrairun 2023 ya ce ya gama da asibiti, a bar shi a gida. Rosalynn ta rasu a 19 ga Nuwamba na wannan shekara tana da 96, aka kawo shi jana'izarta a keken guragu, lulluɓe da bargo. Ya ƙara wata 13 a bayanta. Ranar 9 ga Janairu 2025, bayan addu'ar ƙasa a Washington, aka dawo da gawarsa cocin Maranatha, aka binne shi kusa da matarsa a harabar gidansu. Burin da ya faɗa a 2015 bai cika ba. A shekarar da ya rasu mutanen da kurkunu ya kama a duk duniya ba su kai 20 ba, akasarinsu a Chadi da Sudan ta Kudu, amma tun 2012 aka gano tsutsar ta sami mafaka a jikin karnukan masunta na bakin kogin Chari, ta bayyana kuma a dabbobi a Kamaru da Mali da Angola da Habasha. A ƙauyukan Chadi dabarar da aka koma ita ce a ɗaure kare har tsutsar ta gama fita, a kuma binne hanjin kifi maimakon a watsa masa.